Me ya sa wani asid ya fi wani ƙarfi? Amsa ga wata ɗalibar kemistiri

Tambayar ta zo ne daga wata ɗaliba da ke shekarar farko a wata babbar makaranta a nan Kaduna. An ba su sinadarai huɗu, wato itanol, finol, asid asetik da asid kuloro-asetik, aka ce su jera su daga mai rauni zuwa mai ƙarfi tare da kawo hujja. Ta ce ta haddace jerin amma ba ta ga dalilinsa ba, tunda dukkansu huɗun suna ɗauke da oksijin haɗe da haidirojin. Sannan a ɗakin gwaje-gwaje ta auna pH na asid asetik ta sami 2.9, ta auna na wani ruwan asid haidirokulorik ta sami 3.0, sai ta tambaya: to, ina raunin da ake cewa asetik yana da shi?

'Yata, na ji daɗin wannan tambaya, domin shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi sun nuna mini cewa ɗalibin da ya auna abu da hannunsa, ya ga lambar ta saɓa wa abin da aka gaya masa, ya kuma ƙi yin shiru, shi ne yake fahimtar kemistiri daga baya. Zan fara da tambayarki ta biyu, saboda sai an warware ta kafin ta farko ta zauna.

Na'urarki ba ta yi ƙarya ba. Abin da pH yake aunawa shi ne yawan ayon na haidirojin (ayon ƙwaya ce mai ɗauke da cajin lantarki) da ke yawo a cikin ruwan da ke gabanki a wannan lokacin, idan sun yi yawa lambar pH ta yi ƙasa, kuma wannan yawan ya rataya ne a kan abubuwa biyu: ƙarfin asid ɗin, da kaurinsa, wato yawan da aka zuba a kowace lita. Ke 'yar gida ce, kin san kunun tsamiya mai kauri daban, tsararo daban, alhali tsamiyar ɗaya ce. Lambobin da kika samu sun nuna cewa asetik ɗinki yana da kaurin mol 0.1 a lita (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari), shi kuwa haidirokulorik an sirka shi har ya koma mol 0.001 a lita. Wato kin zuba asetik ninki ɗari na ɗan'uwansa, kuma duk da haka da ƙyar ya ɗara shi. Da a kauri ɗaya kika ɗauke su, mol 0.1 kowannensu, da haidirokulorik ya ba ki pH 1.0, domin shi kusan dukkan ƙwayoyinsa suna sakin haidirojin ɗinsu da zarar sun shiga ruwa, shi kuwa asetik kimanin 13 ne kacal cikin kowace 1000 suke saki. Raunin da kike nema yana nan.

Saboda pH yana sauyawa da kauri ne masana suka nemi wata lamba wadda ba ta sauyawa idan an ƙara ruwa ko an rage. Idan asid, mu kira shi HA, ya shiga ruwa, wani sashe nasa yana rabuwa zuwa ayon H⁺ da ayon A⁻, a daidai lokacin da waɗansu da suka rabu suke komawa su haɗe, har a kai matsayin da rabuwa da haɗuwa suke tafiya da sauri iri ɗaya. A wannan matsayi na daidaito, idan aka ninka kaurin H⁺ da kaurin A⁻, aka raba da kaurin HA da bai rabu ba, lambar da ta fito ita ce Ka, lambar rabuwar asid. Ta asetik ita ce 1.8 × 10⁻⁵ a zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos. Ko kin sirka shi zuwa mol 0.001 a lita, inda kimanin kashi 12 cikin ɗari na ƙwayoyinsa za su rabu maimakon kashi 1.3, lambar Ka tana nan yadda take. Wilhelm Ostwald ne ya bayyana wannan dangantaka a 1888, bisa ra'ayin Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin game da rabuwar sinadarai a ruwa.

Ita kuwa pKa ba wani sabon abu ba ce, Ka ce aka ɗauki logaridim ɗinta aka juya alamarsa, kamar yadda Sørensen ya yi wa haidirojin a 1909 da ya fito da ma'aunin pH a birnin Kofanhegan. Juya alamar nan ita ke rikita ɗalibai: babbar Ka tana nufin asid mai ƙarfi, amma ƙaramar pKa ce take nufin haka. Abin da ya fi muhimmanci ki riƙe shi ne cewa tazarar 1 a pKa ninki goma ce a Ka, tazarar 2 ninki ɗari, tazarar 3 ninki dubu. Ga lambobin sinadaranki a ruwa: itanol kusan 16, finol kusan 10, asetik 4.76, kuloro-asetik 2.86. Ke nan finol ya fi itanol ƙarfi da kusan ninki miliyan ɗaya, asetik ya fi finol da fiye da ninki dubu ɗari, kuloro-asetik kuma ya fi asetik da kimanin ninki 80.

Yanzu ga dalilin, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki gaba ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya zura wa asid ɗin ido yana neman abin da zai sa ya saki haidirojin. Inda ya kamata a duba shi ne abin da ya rage bayan haidirojin ya tafi. Haidirojin yana fita ne ba tare da ilektoron ɗinsa ba, wato ɗan ƙaramin ɓangarensa mai cajin nagetif, ya bar wa sauran ƙwayar cajin nagetif. Idan wannan ragowar, wadda tun bayanin Brønsted da Lowry na 1923 ake kira beis abokin asid, tana iya ɗaukar cajin cikin sauƙi, to ba za ta matsu ta janyo haidirojin ya dawo ba, kuma asid ɗin zai kasance mai ƙarfi. Idan cajin ya yi mata nauyi, za ta cafke haidirojin na farko da ya gifta, asid ɗin ya kasance mai rauni. Caji kamar kaya yake: buhun masara a kan mutum ɗaya wahala ne, amma idan mutum biyu suka kama, ko aka raba shi a ƙananan buhuna, tafiya ta yi sauƙi. Saboda haka duk lokacin da aka ba ki sinadarai a ce ki jera, ki zana ayon ɗin kowanne, ki tambayi kanki wa ke ɗauke da cajin, kuma wa ke taya shi.

A itanol, idan haidirojin ya fita, cajin gaba ɗaya yana zaune a kan oksijin guda, babu mai taya shi. A asetik kuwa akwai oksijin biyu a kan kabon ɗaya, kuma cajin yana rabuwa daidai wa daida a tsakaninsu. Wannan ba zane ba ne kawai a kan allo, an auna shi. A asid fomik, ƙaramin ɗan'uwan asetik, haɗin kabon da oksijin ɗaya yana da tsawon pikomita 120, ɗayan kuma 134, amma a gishirinsa na sodiyam, bayan haidirojin ya tafi, dukkan biyun sun koma kimanin 127, ba a iya bambanta su. Wannan rarraba caji shi ne ake kira rezonans. Ina ƙara miki da cewa tun shekarun 1980 masana suka nuna cewa oksijin na biyun yana kuma taimakawa ta hanyar jan ilektoron daga kabon ɗin tun kafin haidirojin ya fita, don haka amsar da ta ambaci dalilan biyu ta fi wadda ta tsaya ga rezonans kaɗai cika.

Finol yana tsakiya, kuma dalilin zamansa a tsakiya shi ne wurin da nake gane ɗalibin da ya fahimta. Idan kika zana ayon ɗinsa za ki ga cajin yana iya barin oksijin ya shiga zoben benzin, wato zoben kabon shida da oksijin ɗin ke haɗe da shi, ya zauna a kan kabon uku daban-daban. Ɗalibai da yawa sukan ƙirga zane-zanen, su ga na finol sun fi na asetik yawa, sai su yanke cewa finol ne ya fi ƙarfi. Ƙirgar ba ta wadatar, sai an dubi su wane ne masu tayawar. Oksijin yana da tsananin son ilektoron, cajin nagetif bai dame shi ba, kabon kuwa ba haka yake ba. Oksijin biyu da suka raba kaya daidai sun fi oksijin ɗaya da kabon uku suke ɗan kama masa. Duk da haka ɗan kamawar nan ta ishi finol ya yi wa itanol nisan da kika gani.

Saura kuloro-asetik. A nan rukunin asid ɗin iri ɗaya ne da na asetik, bambancin kawai an cire haidirojin ɗaya daga kabon na kusa an sa kulorin. Kulorin yana jan ilektoron zuwa gare shi ta cikin haɗe-haɗen ƙwayar, sai ya rage wa oksijin biyun nauyin cajin. Lambobin wannan iyali suna da kyan kallo: kulorin ɗaya 2.86, biyu kimanin 1.3, uku kimanin 0.7. Idan aka sauya mai jan, sai tasirin ya bi ƙarfin jansa, domin fulorin yana ba da kimanin 2.6, buromin 2.9, ayodin kimanin 3.2. Kuma jan yana raguwa da nisa, kamar zafin murhu. Asid butanoyik yana da 4.82, idan kulorin ya zauna a kabon da ke manne da rukunin asid, lambar ta faɗi zuwa 2.86, idan ya matsa kabon ɗaya ta koma 4.05, idan ya ƙara matsawa ta zama 4.52, kusan kamar ba ya nan.

Wannan ya amsa abin da aka tambaye ki, amma ina so ki ga yadda hanyar take aiki a kan sinadaran da ba a ba ki ba. Rukunin naitiro, wato naitirojin ɗaya da oksijin biyu, yana jan ilektoron, kuma yana iya karɓar caji ta rezonans idan ya zauna a wurin da cajin ke sauka. Idan aka sa shi a kabon na 4 na finol, wanda yake fuskantar oksijin, pKa tana faɗowa daga 10 zuwa 7.15. Idan aka sa shi a kabon na 3, inda cajin ba ya sauka, sai ta tsaya a kimanin 8.4, domin jan kaɗai ya rage. Idan aka sa uku a kabon na 2, na 4 da na 6, sai a sami asid pikirik mai pKa kimanin 0.4, finol ne a jininsa amma ya fi asetik ƙarfi da ninki dubbai. Irin wannan tsari ne Louis Hammett ya mayar da shi lissafi a 1937, yana amfani da asid benzoyik mai pKa 4.20 a matsayin ma'auni. Akwai kuma asid salisilik, wanda daga gare shi ake yin asfirin: pKa ɗinsa kimanin 3.0 ce, alhali ɗan'uwansa da rukunin OH yake kabon na 4 yana da kimanin 4.5. Dalili shi ne a salisilik rukunin OH yana dab da oksijin mai caji, sai haidirojin ɗinsa ya miƙa ya riƙe shi daga cikin ƙwayar.

Wani ɗan gwaji yana nuna duk wannan a zahiri, kuma ina roƙon ki yi shi idan malaminku ya ba da izini. Ki zuba ruwan sodiyam baikabonet, wato bekin soda da ake sa wa kek, a bututun gwaji biyu. Ki ɗiga asetik a na farko: nan take za ki ji shi yana sheƙa, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa suna hawa bangon gilashin. Ki sa finol a na biyu: ruwan zai tsaya shiru, ko kumfa ɗaya ba za ki gani ba. Haidirojin kullum yana barin asid mai ƙarfi ne ya tafi inda zai haifar da mai rauni, kuma asid kabonik, wanda ke samuwa daga baikabonet ya fitar da iskar da ke cikin kumfar nan, yana da pKa 6.35, a tsakanin 4.76 na asetik da 10 na finol. Asetik ya fi shi, don haka ya tura shi waje; finol bai kai shi ba. Idan kuwa soda irin ta haɗa sabulu kika kawo, finol zai narke a cikinta ya zama gishiri. Da wannan bambanci ake raba cakuɗen sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje da masana'antu. Ki sa safar hannu kafin ki taɓa finol, domin raunin asid ba ya nufin rashin cutarwa, kuma finol yana ƙona fata yana shiga jiki ta cikinta.

Kin ma taɓa ganin wannan gwaji a madafa ba tare da an kira shi gwaji ba. Idan aka jefa kanwa a miyar yakuwa, tukunyar takan yi kumfa ta taso, tsamin ya ragu, domin kanwa gishirin kabonet da baikabonet ne, asid ɗin ganyen kuma ya fi kabonik ƙarfi. Tsamin abincinmu kusan duka daga wannan iyali yake. Tsamiya tana ɗauke da asid tatarik mai pKa ta farko kimanin 3.0, nonon da Fulani suke kawowa Kawo da Kasuwar Barci yana ɗauke da asid laktik mai 3.86, lemon tsami kuma yana ɗauke da asid sitirik. Ki lura da laktik: shi ne asid furofanoyik mai 4.87 da aka ƙara wa rukunin OH a kabon na kusa, sai jan wannan oksijin ya ƙara masa ƙarfi kimanin ninki goma. Sitirik yana da haidirojin uku da zai iya saki, da pKa 3.13, 4.76 da 6.40, kuma lambobin suna hawa ne saboda cire haidirojin daga ƙwayar da ta riga ta ɗauki cajin nagetif ya fi wuya kowane karo.

Akwai wani gargaɗi da ya zama dole in yi miki, domin ni kaina na yi shekaru ina koyar da rabin gaskiya a kansa. Littattafan makaranta sukan ce asetik ya fi fomik rauni, 4.76 da 3.75, saboda rukunin metil, wato kabon ɗaya da haidirojin uku da asetik ke da shi fomik ba shi da shi, yana tura ilektoron, kuma da wannan dalili ake bayyana yadda metanol mai 15.5 ya fi manyan 'yan'uwansa ƙarfi. Na maimaita wannan ga aji bayan aji kamar ba shi da saura. Daga baya na karanta aikin Brauman da Blair na ƙarshen shekarun 1960, waɗanda suka auna ƙarfin waɗannan sinadarai a yanayin iska, inda babu ruwa sam, suka tarar jerin ya juye: manyan sun fi metanol ƙarfi. Ashe babban sashe na abin da muke gani aikin ruwa ne. Ƙwayoyin ruwa suna kewaye ƙaramin ayon su taya shi ɗaukar caji, amma babban ayon mai rassa yana tare musu hanya. Tun daga nan nake gaya wa ɗalibaina cewa pKa ba sifar ƙwayar ce ita kaɗai ba, sifar ƙwayar ce a cikin wani ruwa. Asetik ɗin nan mai 4.76 a ruwa yana da fiye da 12 a cikin DMSO, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ake narkar da abubuwa a cikinsa maimakon ruwa, finol kuma 18, kamar yadda Frederick Bordwell ya auna. Saboda haka kada ki taɓa kwatanta lambobi biyu sai kin tabbatar a ruwa iri ɗaya aka auna su. A jarrabawa za ki iya rubuta bayanin tura ilektoron, tunda shi manhaja take nema, amma ki ƙara da cewa a cikin ruwa ne.

Zafi ma yana da nasa tasiri, kuma wannan ya shafe mu, tunda lambobin littafi na digiri 25 ne, ɗakin gwajinmu kuwa a watan Maris da Afrilu yakan haura 35 idan babu wuta, ya kuma yi sanyi da safiyar hunturu. Sa'ar da aka yi ita ce pKa ta asetik da danginsa kusan ba ta motsi a wannan tazara, domin rabuwarsu ba ta sha ko fitar da wani zafi na kirki. Abin da ke hana su rabuwa shi ne tsarin da ayon yake tilasta wa ƙwayoyin ruwa su jeru a kewayensa. Ruwan kansa ne ya fi sauyawa, lambar rabuwarsa zuwa ayon, wadda take 14.0, tana sauka zuwa kimanin 13.6 a digiri 37.

Idan kina shirin karatun haɗa magunguna ko likitanci, wannan lamba za ta bi ki har can. Asfirin yana da pKa kimanin 3.5. A cikin tumbi, inda pH yake wajen 1 zuwa 2, kusan dukkansa yana riƙe da haidirojin ɗinsa, ba shi da caji, don haka yana iya ratsa bangon ƙwayoyin halitta. A cikin jini, inda pH yake 7.4, an wuce pKa ɗinsa da kusan 4, sai ya zamana ga kowace ƙwaya ɗaya marar caji akwai kimanin 8000 masu caji. Ƙa'idar ita ce idan pH yana ƙasa da pKa, asid yana riƙe haidirojin, idan yana sama yana saki, idan kuma sun zo daidai to rabi ya saki rabi ya riƙe.

Wannan magana ta ƙarshe ita za ta ba ki damar auna pKa da hannunki, da na'urar da kika riga kika yi amfani da ita. Ki ɗebi mililita 25 na asetik mai kaurin mol 0.1, ki cika buret, wato dogon bututun ɗiga ruwa mai ma'auni, da sodiyam haidiroksaid (sodar sabulu) mai kauri iri ɗaya, ki sa wa asetik ɗin finolftalin mai sauya launi idan asid ya ƙare, ki riƙa ɗigawa a ciki har ruwan ya ɗauki ja mai haske da bai ɓace ba, ki rubuta yawan da ya ci, wanda zai zo kusa da mililita 25. Sai ki ɗebi sabon asetik mililita 25, ki zuba masa rabin wancan yawan kawai, ki gauraya, ki tsoma na'urar. A nan rabin asid ɗin ya zama ayon, rabi bai zama ba, don haka pH da na'urar za ta nuna ita ce pKa, kuma ya kamata ki ga lamba kusa da 4.7. Ki daidaita na'urar da ruwan ma'auni na pH 4 da na pH 7 kafin ki fara, ki wanke bakinta da tataccen ruwa tsakanin awo da awo. Idan akwai kuloro-asetik a ɗakin gwajinku, ki maimaita da shi ƙarƙashin kulawar malami, tunda yana da guba. Za ki sami lamba kusa da 2.9, ta ɗan ɗara ta littafi kaɗan, saboda shi yana sakin wani sashe na haidirojin ɗinsa da kansa tun kafin a ɗiga masa komai.